Yadda Ake Tsabtace Tsofaffin Cokulan Azurfa na Manyan Gidajen Ingila Ba Tare da An Cinye Su Ba

Idan aka damƙa maka akwatin cokula da wuƙaƙen azurfa da suka fito daga gidan wani basaraken Ingila, ko don ka kula da su a wurin aiki, ko ka saya a gwanjo, ko an bar maka gado, abin da zuciyarka za ta fara raya maka shi ne ka goge su har su riƙa ɗaukar ido. Ka danne wannan sha'awar. Duk gugar da aka yi wa azurfa tana tafiya da wani abu daga jikinta, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Cokalin da ya shekara 200 ya riga ya sha guga a hannun barorin gida zuriya bayan zuriya, saura kaɗan ya rage masa na tambari da zane. Aikinka shi ne ka fitar da datti da baƙin da ya hau, ka bar azurfar a inda take.

Abin da Turawan Ingila ke kira azurfar sitalin gauraye ne: kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran 7.5 yawanci jan ƙarfe, domin zallar azurfa ta yi laushin da ba za ta jure aikin cokali ba. Baƙin da ke hawa kanta kuwa ba tsatsa ba ne. Farar wuta ce da ke yawo a iska, da wadda ke cikin ƙwai, albasa, roba da ulu, take haɗuwa da fatar azurfar. Da fari sai ta yi rawaya-rawaya, daga nan ruwan ƙasa, sai shuɗi-shuɗi, ta ƙare a baƙi. Iyakar ilimin da kake bukata ke nan kafin ka sa hannu.

Kayan aiki

- Robar wanke-wanke guda biyu, da tsohon tawul da za a shimfiɗa a gindin kowacce
- Sabulun ruwa na wanke kwanuka, marar lemun tsami a ciki
- Ruwa mai ɗumi-ɗumi, da ruwan da aka tace don ɗauraya ta ƙarshe
- Safar hannu ta auduga, ko ta leda mai suna naitiril. Ban da ta roba irin ta asibiti, tana da farar wuta
- Auduga, da tsinken goge kunne masu yawa
- Tsofaffin singileti na auduga da suka sha wanki suka yi laushi, a cire ɗinki da maɓalli
- Buroshi mai gashi mai laushi ƙwarai, irin na haƙoran jarirai
- Garin alli mai laushi na masu gyaran kayan tarihi, ko man goge azurfa irin na Goddard's, Hagerty ko Wright's
- Sifirit na goge rauni
- Gilashin ƙara girman rubutu, maganaɗisu, ƙaramin sikeli, littafi da biro, da wayarka don ɗaukar hoto

Abubuwan da ba za su kusanci teburin ba: toka, yashi, soson ƙarfe, tsamiya, lemun tsami, kanwa, man goge baki, bilic, da man goge tagulla. Da su muka saba fitar da tukunya fes, na sani, amma azurfa ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu.

1. Ka ƙirga, ka ɗauki hoto, ka rubuta

Shimfiɗa tawul a kan tebur inda haske ke shigowa ta gefe. Jera kayan iri-iri: manyan cokula, na shayi, na gishiri, masu yatsu, wuƙaƙe, ludayin miya. Manyan gidaje kan yi odarsu dozin-dozin, don haka idan ka ga goma sha ɗaya ka san ɗaya ya ɓata, idan kuma ka ga goma sha biyu amma ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, cike gurbi aka yi daga baya. Ɗauki hoton kowanne gaba da baya. Auna nauyinsa ka rubuta. 'Yan kasuwar azurfa da awon tiroyi suke lissafi, oza ɗaya giram 31.1 ce. Wani lokaci za ka tarar da wasu ƙananan lambobi da aka karce da allura a bayan babban ludayi: nauyinsa ne na asali ko lambarsa a rajistar gidan. Kada ka ɗauka ƙarzuwa ce ka ce za ka share.

2. Ka karanta tambarin da ke baya

A nan nake so ka fi daɗewa, domin tambarin ne zai gaya maka abin da ke hannunka, shi kuma zai gaya maka irin hannun da za ka sa.

Juya cokalin, ka ɗora gilashi a bayan mariƙinsa. Za ka ga ƙananan hatimai a jere. Mafi muhimmanci shi ne zaki mai tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Tun 1544 ake buga shi a Ingila a matsayin shaidar cewa azurfar ta kai ma'aunin sitalin. Sai hatimin garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan ne, kuma kafin 1821 yana sanye da kambi, bayan nan aka cire masa. Ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ta Birmingham ce, kambi shi kaɗai na Sheffield ne kafin 1975, garuruwan nan biyu a 1773 aka buɗe musu ofishin gwaji. Ganuwa mai hasumiya uku ta Edinburgh ce a Sikotilan. Sai harafi guda da ke nuna shekara, wanda Landan ta fara tun 1478. Salon harafin da siffar garkuwar da ya zauna a ciki suna canjawa duk lokacin da haruffan suka ƙare aka sake farawa daga farko, saboda haka sai ka gwada da jadawalin shekaru, akwai shi a ƙananan littattafan tambari da kuma intanet. Sai haruffan sunan maƙerin. HB da aka rubuta a karkace alamar shagon Hester Bateman ce ta Landan, PS kuma kan zama ta Paul Storr, kuma kayan waɗannan biyun suna da daraja sosai a kasuwa.

Idan ka ga kan sarki ko na sarauniya a gefe, shaidar biyan haraji ce, an yi amfani da ita daga 1784 zuwa 1890. Wannan kaɗai ya taƙaita maka zamanin cokalin tun kafin ka buɗe jadawali. Idan kuma babu zaki mai tafiya, sai mace a zaune da mashi da garkuwa tare da kan zaki, to azurfar ta fi sitalin kyau, kashi 95.8 ce, wadda doka ta tilasta daga 1697 zuwa 1720. Ta fi laushi, sai ka ƙara sassauta hannu.

Wurin da hatiman suka zauna ma labari ne. Kafin wajejen 1780 a siririn wuyan mariƙi ake buga su, kusa da bakin cokalin, shi ya sa za ka gan su a matse, sun miƙe, da ƙyar ake karantawa. Bayan nan aka mayar da su can saman mariƙin inda ya fi faɗi. Ƙananan cokulan shayi na zamanin kuma sau da yawa ba su da hatimin gari, kada rashinsa ya tayar maka da hankali.

Idan abin da ka gani EPNS ne, ko EP, ko A1, to ba sitalin ba ne. Wani ƙarfe ne daban aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Masu yin irin wannan kan jera hatimai masu kama da na gaske, amma ba za ka ga zaki ba. Fatar azurfarsa siririya ce, guga kaɗan sai rawayan ƙarfen ciki ya leƙo. Maganaɗisu yana taimakawa ta fuska ɗaya kawai: idan ya kama cokali, ba azurfa ba ce, amma rashin kamawarsa ba shaida ba ne. Kada ka yarda kowa ya karce cokalin ya ɗiga masa ruwan gwaji. Tambarin ya wadatar.

Sai tambarin gidan, wanda aka zana da hannu a ƙarshen mariƙi: kan barewa, tsuntsu, hannu riƙe da takobi, wani lokaci da kambin sarauta a sama da ke nuna muƙamin mai gidan. A cokulan farkon ƙarni na 18 a baya ake zana shi, domin a lokacin a kife ake jera cokali a tebur. Wannan zanen shi ne ke haɗa cokalin da gidan da ya fito, kuma shi ne guga ke fara cinyewa. Idan ka ga wurin fili ne babu zane, huro masa numfashi ka karkata shi ga haske. Sau da yawa inuwar tsohon tambarin da aka kankare takan bayyana na ɗan lokaci, kuma idan ka shafa da yatsa za ka ji wurin ya ɗan lotsa.

3. Ka ware masu lalura

Kafin ruwa ya taɓa komai, cire waɗannan gefe guda: duk wuƙaƙe, duk abin da ke da ƙotar hauren giwa, ƙashi, katako ko ƙwaryar kumba mai sheƙi, duk abin da cikinsa ke da ruwan zinariya, da duk wanda ya tsage ko aka taɓa yi wa liƙi. Kowannensu da nasa hannun, zan zo kansu.

4. Wanki

Zuba ruwa mai ɗumin da hannunka zai zauna a ciki ba damuwa, ɗiga sabulu kaɗan. Sa cokula biyu ko uku kawai a lokaci guda, kada masu yatsu su haɗu da sauran, suna karce su. Wanke da tsumma mai laushi, ka bi lungunan zane da buroshi a hankali. Tsakanin yatsun cokali kuwa, yanki siririn ƙyalle ka zura ka ja gaba da baya. Ɗauraye a roba ta biyu, ka tsane nan take da busasshen ƙyalle. Kada ka bari iska ta busar, ruwan yana barin tabo. Idan akwai maiƙon da ya ƙi fita, auduga da sifirit za su ɗauke shi.

Yanzu ka tsaya ka duba. Da yawa daga cikin abin da ka zata baƙi ne, datti ne da tsohon man guga da ya bushe a lungu. Cokalin da ya fito da haske mai sanyi bayan wanki, ko da ɗan rawaya-rawaya, ƙyallen goge azurfa kaɗai ya ishe shi. Kada ka kai shi mataki na gaba don kawai 'yan'uwansa za su je.

5. Guga

Kwaɓa garin alli da tataccen ruwa ya yi kaurin kindirmo. Kafin ka sa wa cokali, gwada shi a bayan tsohon faifan CD: shafa da auduga, ka goge, ka duba a haske. Idan ya bar karce, garin na da tsakuwa, zubar da shi. Allin rubutu a allo da farar ƙasa ba sa maye gurbinsa. Idan ba ka samu garin ba, sayi man goge azurfa da aka rubuta don azurfa kaɗai aka yi shi, ka zaɓi mai laushi wanda ake ɗaurayewa da ruwa.

Sa safar hannu. Lakato kaɗan da auduga, ka fara daga bayan cokalin inda ido bai cika zuwa ba. Bi tsawon mariƙin, gaba da baya, kada ka danna. Nauyin yatsunka ya isa. Da zarar audugar ta yi baƙi, jefar ka ɗauki sabuwa, domin abin da ta kwaso shi ne zai koma yana karce wurin. Za ka ƙarar da auduga mai yawa, haka aikin yake.

Idan ka zo kan hatimai da tambarin gida, ɗora babban yatsanka a kai ka rufe su, ka goge kewayensu. In sun yi baƙi ƙwarai, taɓa su sau ɗaya ko biyu da tsinken auduga ka wuce. Baƙin da ya kwanta a cikin ramin zane ka bar shi. A salo mai ado da yawa irin wanda ake kira King's, mai siffar ƙwaryar kumba a ƙarshen mariƙi, wannan duhun na lungu shi ke fito da adon. In ka ƙwaƙule shi duka, cokalin zai yi fari fat, ba zurfi, kuma masu saye suna ganewa daga nesa.

Akwai abu guda da ke yaudarar sabon hannu. Kana cikin guga sai ka ga wani tabo mai launin toka ko shunayya-shunayya, kamar gajimare a ƙarƙashin hasken. Ba datti ba ne. Tabon wuta ne, jan ƙarfen da ke cikin gaurayen ne ya ƙone tun ranar da aka ƙera cokalin, maƙerin ya rufe shi da siririyar fatar azurfa, guga ta shekaru ta yaye ta. Ƙara gogawa ƙara faɗaɗa shi ne. Da ka gan shi, ɗauke hannunka.

Idan ka gama, wanke cokalin da sabulu kuma, ka bi lungu da buroshi har farin garin ya fita tas, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka tsane, sannan ka murza da busasshen ƙyalle mai tsabta. Hasken da kake nema mai taushi ne, mai ɗan shuɗi, wanda dubban ƙananan karce na amfanin yau da kullum suka haifar. A manyan gidajen Ingila barorin tebur da jan garin guga da tsokar babban yatsa suke samar da shi, a ɗakin ajiyar azurfa da ke ƙarƙashin kulawar shugaban barori. Injin guga na kanti cikin minti ɗaya yake share wannan, ya bar cokali yana walƙiya irin ta sabon kaya, bakin hatimansa sun narke. Ko kyauta aka ce za a yi maka, ka ƙi.

6. Wuƙaƙe da sauran masu lalura

Ƙotar tsohuwar wuƙa ba azurfa ce zalla ba har ciki. Fallen azurfa ne siriri guda biyu aka haɗa, aka cika cikinsa da ƙaro ko wani abu mai kama da kwalta, aka soka ƙarfen wuƙar a ciki. Ruwan zafi yana narkar da ƙaron, wuƙar ta fara girgiɗi, ruwa ya shige ya tsatsar da ƙarfen daga ciki har ƙotar ta tsage. Don haka wuƙa ba ta shiga roba. Riƙe ta a hannu, goge ƙotar da ɗanyen tsumma, bakin yana kallon sama don kada ruwa ya gangara mahaɗa, ka tsane nan da nan. Kada ka matsa ƙotar, tana lotsawa.

Bakin wuƙar kuma, in ta girmi 1913, shekarar da Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a Sheffield, baƙin ƙarfe ne mai tsatsa. Launin toka da ya yi ba aibi ba ne. Inda jar tsatsa ta fito, ɗiga man keken ɗinki, bar shi ya jiƙa, ka murza da toton toshe kwalba, ka goge, ka bar ɗan maiƙo a kai. Idan ka ga tsohuwar ƙota da baki mai sheƙi marar tsatsa, an canja bakin daga baya, abu ne da aka saba yi.

Ruwan zinariya da ke cikin cokalin gishiri ko na mustad (wani kwaɓin yaji na Turawa) an sa shi ne don gishiri na cin azurfa. Siriri ne ƙwarai. Ruwan sabulu da auduga kawai, ban da alli, ban da mai. Hauren giwa da ƙashi kuwa ba sa son jiƙa sam, busasshen ƙyalle ya ishe su, kuma kada man guga ya taɓa su, yana shiga ya rina su.

7. Hanyoyin gaggawa biyu da za a ba ka shawara

Za a ce maka ka shimfiɗa takardar alminiyon a roba, ka zuba ruwan zafi da garin soda, ka jefa cokulan. Yana aiki, baƙin yana barin azurfar ya koma kan alminiyon. Amma ba ya zaɓe: yana kwashe duhun lungun zane gaba ɗaya, ya bar fatar a dushe, kuma zafin yana kashe wuƙaƙe. Ga cokalin zamani marar ado ba laifi. Ga kayan da muke magana a kai, ban yarda da shi ba. Haka ruwan tsomawa na kwalba, wanda ke da asid a ciki. Iyakar inda nake amfani da shi shi ne tsakanin yatsun cokali da ƙwai ya baƙanta, da tsinken auduga, na ɗan daƙiƙu, sannan ɗauraya mai yawa. Kada ya taɓa bakin wuƙa.

8. Abin da ba naka ba ne ka gyara

Za ka ga cokalin da bakinsa ya cinye ta gefe guda saboda shekarun kankarar kwano da hannun dama, da mai yatsun da yatsunsa suka ƙi daidaita tsawo. Bar su haka. Masu yanke yatsun don su daidaita rage darajar kayan suke yi. Yatsan da ya lanƙwashe, ko lotsawa, ko tsagewa, aikin maƙerin azurfa ne wanda ya san tsofaffin kaya, ba na filaya ba. Idan a gida Najeriya ko Nijar kake, maƙeran farinmu gwanaye ne a zobe da munduwa, amma ka yi musu bayani dalla-dalla cewa ba a son wuta ta kusanci hatimi, ba a son dalma, ba a son a kankare komai. In ba ka natsu ba, ajiye shi da lalurarsa ya fi.

9. Ajiya

Ajiya mai kyau ita ke raba ka da yawan guga. Tabbatar kowanne ya bushe ƙayau. Naɗe shi shi kaɗai a takarda marar asid ko wankakken ƙyallen auduga, ko ka sa shi a jakar ƙyalle mai aljihu-aljihu da aka yi wa maganin hana baƙi. Sa su a akwati mai rufuwa sosai, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, da takardar tsotse farar wuta. In babu ita, ƙulla gawayin magani na kemis a ƙyalle ka ajiye a kusurwa, kada ya taɓa azurfar. Ban da jarida, ban da bargon ulu, ban da ledar naɗe abinci, ban da kyauron roba na ɗaure kuɗi. Kyauron nan yana barin baƙin layi da ke cin azurfa har ciki, wanda guga ba ta fitarwa. Idan akwatinsu na asali yana nan, ajiye shi domin yana cikin tarihinsu, amma ka sa ƙyalle tsakanin cokulan da tsohon shimfiɗin cikinsa.

A ƙasashenmu abu uku ne za ka yi tsaro: laimar damina, hayaƙin janareta, da ƙurar hunturu. Kada ka share ƙurar da busasshen tsumma, yashi ce, karcewa take yi. Ɗauraye ta da ruwa tukuna.

Musulmi ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na hani ga ci da sha a kwanukan zinariya da azurfa, saboda haka da yawanmu kula da waɗannan kaya muke yi a matsayin aiki, amana ko haja, ba don kai su baki ba. Idan a gidan da kake aiki ana cin abinci da su, wanke su da hannu da zarar an tashi daga tebur, musamman bayan ƙwai, gishiri ko miya mai tsami, kada su kwana da abinci, kada su shiga injin wanke kwanuka. Ka riƙa juya su, na ƙasan akwati su hau sama, don dozin ɗin ya tsufa tare.

Buɗe akwatin duk bayan wata uku ko huɗu ka duba, da safar hannu. Wanda ya fara rawaya, shafa masa ƙyallen goge azurfa sau biyu ka mayar. Canja ƙunshin tsotse laima da gawayin, ka rubuta ranar a littafinka kusa da nauyi da hoton kowane cokali.